Tarin da ya wuce mako 2 ya fi ƙarfin jiƙo

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake saboda bidiyon wani mai tallar maganin gargajiya a gora. Ya ɗaga gora yana rantse-rantse, wai kowane irin tari kwana uku ya ishe shi, har da tarin fuka, kuma wai masu shan ƙwayoyin asibiti su ajiye. Mutumin nan da rayukan bayin Allah yake wasa.

Kada wani ya ce min na raina gargajiya. Ni ma in mura ta kama ni, citta da zuma da lemun tsami nake nema, kuma suna kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro. Likitoci ma sun yarda cokalin zuma kafin barci yana rage wa yaro tarin dare, muddin ya haura shekara 1. Jariri kam ba a ba shi zuma, tana iya yi masa mummunar illa.

Amma tarin da ya wuce mako 2, a je a gwada kaki. Ƙanina wata uku ya yi yana tari, daga sirace sai jiƙe-jiƙe. Kullum da asuba matashinsa sharkaf da gumi, wandonsa har ya fara zame masa. Sai da na ga jini a hankicinsa muka farga. Aka gwada, tarin fuka ne. Wata 6 ya yi yana shan magani, Allah ya ba shi lafiya, amma kafin nan 'yarsa ta riga ta ɗauka.

Ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka, tun 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ta, kuma zuma ba ta kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kaɗai ta hallaka mutum kusan miliyan 1.25. Masu cewa "ai wane ya sha ya warke", wane ɗin gwajin me aka yi masa? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne cewa a ajiye magani. Wanda ya yanke a tsakiya, ƙwayar na iya dawowa ta daina jin magani, ya kuma rarraba wa iyalinsa.

Mako 2, jama'a. A je a gwada.

Af, ku ma masu ɗura wa yara sirop ɗin tari barkatai, ban manta da ku ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓataccen sirop, ƙodarsu ta daina aiki. Har yau in na tuna iyayensu sai jikina ya yi sanyi.