Zargi kaɗai ba ya tsige ciyaman

Ranar kasuwa a wani ƙauyenmu na Jigawa, a rumfar mai shayi, na ji wani dattijo yana cewa tunda an ce ciyaman ya ci kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, gwamna ya kore shi gobe. Na san zafin da yake ji, domin jikokinsa ne ke tafiya nesa ɗibar ruwa da jarka. Amma Baba, ba haka dokar take ba.

Ciyaman da kansila ƙuri'a ce ta kawo su, saɓanin dagaci da ake naɗawa ta hannun masarauta. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, sashe na 36 kuma ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Kafin a tsige ciyaman, sai a rubuta masa laifin da ake tuhumarsa, a ba shi lokaci ya kawo takardun kwangila da shaidunsa, sannan masu binciken su zama ba su da hannu a rikicin. Wanda ya kai ƙara bai kamata ya zauna alƙali ba.

A 2021 Kotun Ƙoli ta soke rushe zaɓaɓɓun majalisun da aka yi a Katsina a 2015, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu. A 2024 ta sake jaddada cewa gwamna ba shi da ikon maye gurbinsu da kantomomi.

Abin da ke damuna, in aka yi gaggawa, wanda ya ci kuɗin ma kotu na iya maido shi, rijiyar kuma tana nan a bushe.