Yadda na shayar da siminti ruwan rake

Daɓen zaurenmu a garin Garwa na Kamaru ya tsattsage, na sayo siminti buhu 2. Sai dabara ta faɗo mini. Kakanninmu ai ramno suke zubawa a ƙasar gini don kada ta tsage, to me zai hana siminti ya samu nasa ramnon? Mai rake na bakin layinmu yana da tulin tuƙa da ɓawo, na kwaso buhu guda kyauta, har yana sa mini albarka.

Magini ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce, "Maigida, wannan ba ya cikin sana'armu." Na ce ya kwaɓa kawai, ilimi ne.

Siminti in aka zuba da safe, kafin la'asar ya kama, washegari a taka. Nawa kuwa kwana 3 yana nan kamar tuwon da aka cika wa ruwa, a zafin Garwa fa, inda wanki ke bushewa kafin ka gama shanya. Akuya ta bi ta kai, kaza ta sa hannu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in kawo miya ne?"

Ran na huɗu surukina ya zo. Kafin in ce "Baba, a bi ta gefe," ya riga ya yi sallama da ƙafar dama. Ƙafar ta fito, takalmin ya zauna.

Na kira ƙanena da ke karatun injiniya a jami'ar Marwa. Sai da ya ƙoshi da dariya ya ce, "Yaya, siminti ba bushewa yake ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama dutse. Sukari kuwa yana lulluɓe ƙwayoyinsa ya hana wannan haɗuwar. Ɗan kaɗan yana jinkirta kamawa da awoyi, kai kuma buhu ka zuba." Ya ce ana saka zaren tsirrai a siminti, amma sai an jiƙa shi ko an tafasa, an wanke zaƙin, wasu ma a ruwan farar ƙasa, sannan a zuba kaɗan, don zaren ma yana shanye ruwan kwaɓin.

Muka kwashe da shebur, na sake sayen buhu 2. Maginin bai ce uffan ba, sai dai duk sanda mai rake ya wuce, yakan ɗaga murya ya ce, "Maigida, ga kayan aiki nan."