Ranar dawowa ce ke kashe mana kayan zango

Damina na ɗaukewa za a fara fita. 'Yan agaji za su kama hanyar wa'azin ƙasa, mafarauta sun soma wasa adduna, masu lambu za su kafa bukkoki a bakin madatsar Zobe da ta Jibiya, ga yaranmu masu bautar ƙasa da za su yi mako uku a sansanin hanyar Mani a Katsina. Idan Sallar Gani ta zo kuma, Daura ta cika ta batse, baƙi da yawa a tabarma suke kwana, a zaure ko a ƙofar gida. Duk waɗannan mutane kaya iri ɗaya suke nema: tamfol, tabarma, gidan sauro, bargo, tocila, jarka, buta, risho ko ƙaramar tukunyar gas, igiya. Kuma duk shekara sai ka gan su a kasuwa suna sayen abin da suka saya bara.

Ni a ganina ba tafiyar ce ke cinye kayan nan ba. Ranar da aka dawo ce. Mutum ya sauka daga mota a gajiye, ƙura har cikin kunne, ya ce wa yaro "kai, jefa wannan a sito", shi ke nan an binne kaya sai baɗi.

Ku dubi tamfol kawai. An naɗe shi da asuba, raɓa ba ta bushe ba, an cusa a buhu, an yar a ƙasa a ɗakin da babu taga. Watan Agusta ya bi ta kansa da danshinsa. Ranar da aka zo warware shi, sai ka ji wani wari kamar na tsohon rumbu, baƙaƙen ɗige-ɗige na fumfuna sun cika ninkin, wajen lanƙwasar ya tsattsage, ɓera ya yi ƙofa a tsakiya ya haihu a ciki. Idan ba a yi sa'a ba har kunama ta samu masauki, yaron da ya zura hannu shi zai sha harbi. Alhali abin da tamfol ɗin nan ya nema bai wuce a shanya shi wuni guda a inuwa, a kakkaɓe, a naɗe shi sakwa-sakwa a ɗora a kan katako ko a rataye ba. Duk abin da ya taɓa ƙasa a Katsina, gara ta riga ta yi rajistarsa, musamman tabarmar kaba da ƙotar gatari.

Sai kayan wuta, inda aka fi tafka asara shiru-shiru. Tocilar da aka bar batir a cikinta wata da watanni, batirin zai yi zuba, ka ga farin gari ya cinye ƙarfen ciki, ba ta ƙara kamawa. Fitilun nan masu caji na araha, yawancinsu batirinsu irin na babur ne ƙarami. Idan ya ƙare ƙarƙaf aka bar shi a haka, ya mutu ke nan, ko ka kwana kana caji. Shi ya sa ya kamata a riƙa jona su lokaci-lokaci ko da ba a fita. Fawa-banki kuwa zafi ne maƙiyinsa, kuma mun san yadda ɗakin kwano yake a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ma kan haura digiri 40. Tukunyar gas ba ta da wurin zama a irin wannan ɗaki ko kaɗan. A tsaye ake ajiye ta, a inda iska ke ratsawa, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa yana jiran wanda zai ƙyasta ashana.

Gidan sauro mai magani kuma, don Allah mata ku ji wannan, ba a dirje shi da omo a shanya a tsakiyar rana. Wanki a hankali da sabulu, shanya a inuwa. Ko an kula da shi, maganin jikinsa kamar shekara 3 yake yi ko wanki 20. Jarka a zubar da ragowar ruwan, a kife ta bushe, a bar murfin a sake, in ba haka ba ta yi gansakuka. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ta bar hidimar ruwan sha har abada. Adda da wuƙa a shafa musu ɗan mai. Bargo a jefa masa busasshen ganyen bedi ko kafur kafin a rufe akwati.

To amma duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce rabuwa da kaya. Mun riƙe "ajiya maganin wata rana" kamar aya, har ta zama mana cuta. Ka shiga siton wani ka tarar da tocila shida, biyar matattu. Risho babu lagwani. Takalmi wari ɗaya. Buta mai yoyo da ake jiran wata rana a liƙe. Akwatin magani da ƙwayoyin cikinsa sun wuce wa'adi tun ba yau ba. Wannan na ƙarshen ma ya fi ba ni tsoro, don a daji da dare babu mai duba kwanan wata, haɗiya kawai ake yi. Abin da ke faruwa shi ne matattun kaya su rufe masu rai. Kana da igiya mai kyau amma tana ƙarƙashin tarkace, ga mota na jira, sai ka aika a sayo wata. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke fafewa.

Bafulatanar da ke tashi da garke ta fi mu ilimin wannan abu. Gidanta kaf a bayan sa ɗaya ko jakuna biyu yake, kowace ƙwarya ta san wadda take shiga ciki, kuma abin da ba shi da aiki ba ya hawa, don dabbar ce za ta ji nauyinsa. Mu da muke da ɗaki sai muka ɗauka fili kyauta ne.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a zazzage komai a tsakar gida rana ɗaya, a gwada kowane abu a gaban ido. Wanda ke aiki ya koma. Wanda gyaransa bai wuce na mako ba, a kai wa mai gyara a makon, ba "in an samu lokaci" ba. Ƙarfe da robar da suka mutu, 'yan gwangwan na yawo unguwa-unguwa, har canji za su ba ka. Sannan a raba ajiyar bisa aiki: na kwanciya a jaka ɗaya, na girki a akwati ɗaya, na haske da magani a wata ƙarama da hannu ke kaiwa a duhu. A rubuta a jiki da alƙalamin maka. Jakunkunan Gana-mas-go duk kamarsu ɗaya, in ba rubutu sai ka buɗe bakwai kafin ka samu cokali.

Kayan ƙungiya kuwa, wannan sai addu'a. Kayan kowa ne, saboda haka ba na kowa ba ne. Ana tashi daga taro kowa ya ja abin da ke kusa da shi zuwa gida "don kada ya ɓata", shekara na zagayowa a sake yanka wa mambobi kuɗi. Ga aro: mai biki ya ɗauki tamfol, mai suna ya ɗauki tabarmi, babu wanda ya rubuta. Ban ce a hana aro ba, ai zumunci ne. Amma a samu mutum ɗaya mai makulli da littafi, wanda ba ya jin kunyar cewa "Alhaji, tabarmin nan guda goma ne suka fita, takwas na gani."

Akwai kuma wata magana da ba ma son yi. Wurare da yawa da ake zuwa farauta ko kwana a da, wajen dajin Rugu da yankin Batsari da Safana, yanzu ba mai hankalin da zai kai kansa. Kayan waɗannan tafiye-tafiye suna nan jibge a gidaje, su kuma mutanen can da 'yan bindiga suka koro suna cikin garin nan, wasu a kangaye, babu abin shimfiɗa. In kana da bargo uku kana rufa da ɗaya, ko gidan sauron da ba a taɓa warewa ba, ka wanke na wankewa ka kai wa mai unguwa ko limamin masallacinku kafin Disamba, sun san gidajen da baƙin suke.