Ba kowace motar da ta ƙi tashi ba ce pompinta ya mutu

Kun dai ga hoton da na sa shekaranjiya, motar ƙanwata a gefen gudro wajen Wadata, kujerar baya a waje, bakin tanki a buɗe. Masu tambayar yadda aka ƙare, to ga shi: pompin man da makanike ya ce ya mutu, lafiyarsa ƙalau. Jika 40 aka sa baiwar Allah ta fitar daga albashinta na malamar makaranta, a kan abin da bai mutu ba. Abin da ya lalace rale ne, ɗan abin da ke sakar wa pompi wuta, wanda bai fi akwatin ashana girma ba. Har yanzu raina bai huce ba, shi ya sa zan yi magana, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ba a yanke wa pompin esansi hukunci sai an auna. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni.

Ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, mota ta yi pan, demarer na juyawa amma ta ƙi kamawa." Ina hanyar dawowa daga Doso, na ce ta nemi makanike mafi kusa kafin in iso. Mutumin ya zo, ya murza makulli, ya kasa kunne, ya ce bai ji kukan pompi ba. "Madam, pompinki ya mutu." Shi ke nan. Bai buɗe akwatin fuzibil ba, bai duba buji ya ga ko akwai wuta ba, bai sa ko da ɗan kwan gwaji a wayar pompin ba. Aka aiki yaro a kan moto ya sayo sabo, aka kwance, aka ɗaura, aka murza makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Sai ga shi yana cewa wataƙila sabon ma jabu ne, a sake sayo wani. A nan na iske su.

Na ce masa: "Maigida, ka tabbatar wuta na isa ga pompin nan?" Ya ce ai shekararsa 20 a sana'a. Na ce ban tambaye ka shekaru ba, wuta na tambaye ka.

Ku saurara, don abin nan ba asiri ba ne. Pompin mai, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa famfo, ɗan injin lantarki ne da ke zaune cikin tanki a yawancin motocin da ke da anjekter, wato masu fesa mai cikin injin. Ba ya tashi don kansa. Wuta na fitowa daga batir, ta bi ta fuzibil, ta bi ta rale, ralen kuma ba ya rufewa sai kwamfutar mota ta ba shi umarni, sannan wutar ta bi waya har ƙarƙashin kujerar baya, ta shiga pompi, ta koma ta mas, wato ƙarfen jikin mota. Ko'ina a wannan hanyar aka samu yankewa, pompi zai yi shiru ko da jiya aka fito da shi daga kwali. To don Allah wane hankali ne zai sa a tsallake duk waɗannan, waɗanda dubansu bai wuce minti 10 ba, a tafi kai tsaye ga mafi tsada kuma mafi wuyar kwancewa?

Sannan maganar "ban ji kukansa ba". Gaskiya ne, motoci da yawa in ka sa kontak ba tare da ka tada su ba, za ka ji pompi ya yi ɗan gurnani kamar na daƙiƙa 2 ya tsaya, yana cika layin mai. Amma Toyota da yawa, musamman tsofaffin nan da suka cika Yamai, ba su yin haka. Pompinsu ba ya motsi sai demarer na juyawa ko injin na aiki. Motar ƙanwata tsohuwar Corolla ce. Ko da lafiyarta lau, ba za ka ji wannan kukan ba in kontak kawai ka sa. Mutumin da ke rayuwa da gyaran Corolla da Carina a garin nan bai kamata ya jahilci wannan ba, kuma a kan wannan shirun kaɗai ya ci kuɗin mutane.

Irin waɗannan tsofaffin Toyota har wani ɗan akwati gare su a ƙarƙashin kapo, an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. In ka buɗe, akwai ramin da aka sa wa FP, akwai wanda aka sa wa +B. Na nemi guntun waya, na haɗa su, na sa kontak. Yaron garajin na durƙushe a baya, sai ya ɗago kai: "Alhaji, yana kuka!" Na murza, mota ta tashi tsaf. Na cire wayar, ta mutu. Wannan ya nuna laifin na tsakanin fuzibil da pompi ne, a inda rale yake. Muka ciro shi daga ƙarƙashin tablo, na ɓalle murfinsa da tsinin wuƙa, ga bakin ƙarfen nan biyu sun ƙone sun yi baƙi ƙirin kamar gindin butar shayi. Muka sa wani, magana ta ƙare. Sai na ce a kawo tsohon pompin, don har an riga an jefa shi cikin jakar kayan aiki, kuma kowa ya san inda irinsu ke ƙarewa, gobe a wanke a sayar wa wani a matsayin okaziyo. Na sa aka mayar da shi cikin tanki a gaban kowa. Da shi ta je makaranta jiya, da shi ta je yau.

Sabon kuwa yana nan a gida. Mai shago ya ce kayan da ya taɓa esansi ba ya dawowa, kuma ban ga laifinsa ba. Jika 40, a farashin lita 499, man lita 80 ke nan. Ku lissafa kwana nawa zai kai ta aiki.

Na ga masu cewa a ƙarƙashin hoton, ai sau da yawa pompin ne. Zato zunubi ko da ya zama gaskiya. In ka canka daidai sau 7 cikin 10, su ukun da suka rage wa zai biya su? Ba na musun pompi na mutuwa, yana mutuwa sosai a ƙasar nan, kuma na san dalili. Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya shi. Mu kuwa mun saba da shan na jika ɗaya, na jika biyu, fitilar rezab mai nuna mai ya kusa ƙarewa a kunne mako guda, a zafin watan Afrilu da ke kai digiri 45 a Yamai. Ga man bakin hanya. Shekara da shekaru muna shan na kwalba daga Ƙonni har Tawa, saboda ya fi araha, sai da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 abin ya ja baya. Da aka shiga ƙarancin mai a watan Maris na 2025, layi ya yi tsawo a gidajen mai, wanda ya samu a jarka bai tsaya tambayar tsabtar jarkar ba. Ƙura, tsatsa, wani lokaci har ruwa, duk suna taruwa a ɗan rariyar da ke gindin pompi, ta toshe, pompi ya yi ta wahala har ya gaji. Duk wannan gaskiya ne. Amma don kura ta saba cin akuya ba shi ke nuna ita ta ci ta yau ba. A auna.

Kuma pompin da zai mutu ba kasafai yake mutuwa babu sallama ba. Yana fara kuka mai kaifi daga baya. Mota ta riƙa shaƙewa in ka taka a hawa ko ka ɗauki kaya. Ta mutu da rana tsaka in ta yi zafi, ka bar ta ta huce ta tashi. Wani lokaci in wani na buga ƙasan tanki da tafin hannu kai kuma kana murzawa, sai ta kama, wannan alama ce ta gawayin cikinsa ya cinye. Makanike na ƙwarai tambaya yake fara yi: kwanan nan yaya take tafiya, ina kika sha mai na ƙarshe, an taɓa mata wani abu a wayoyi? Ƙanwata babu wanda ya tambaye ta komi. Da an tambaya, da ta ce motar na tafiya lafiya lau har ta tsaya sayen cefane.

Wasu kuma sun ce in ji tausayinsu, ba su da kayan aiki. Wane kayan aiki? Kwan fitila mai volt 12 da waya biyu, wanda yaro zai haɗa da hannunsa? Da shi za ka san ko wuta na isowa fishin pompi lokacin da ake murza demarer, da shi za ka san ko mas na da kyau. Fuzibil ido ke duba shi, a Toyota an rubuta EFI a kansa. Rale, in akwai irinsa a akwatin, musanya su kake yi ka gwada. Buji, ciro ɗaya kake ka ga ko yana tartsatsi. Ko fitilar injin da ke tablo magana take: in ka sa kontak ba ta kama ba, to wataƙila kwamfutar kanta ce ba ta samun wuta, ka bar pompi ya huta. Ko wanne daga cikin waɗannan bai buƙatar jari. Abin da ke buƙatar ɗan kuɗi shi ne agogon auna ƙarfin mai, don pompi na iya juyawa amma ba ya turawa yadda ya kamata. Motocin anjekter irin namu kusan bar 3 a agogon suke so, in ka ga 1 ka san akwai magana, kuma ko a nan sai ka duba filtir kafin ka zargi pompi. Wanda ya ce shekararsa 20 yana kwance tankunan mutane bai sayi wannan agogon ba, ba talauci ne ya hana shi ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɓoyewa. In kaptar ɗin da ke gaya wa kwamfuta cewa injin na juyawa ya mutu, ba wuta a buji, anjekter ba su buɗewa, a motoci da yawa pompin ma ba a ba shi wuta. In makullin mai ɗan guntun lantarki ne kuma mota ba ta gane shi ba, haka za ta yi ta juyawa ba ta kamawa. Motocin Amurka daga 1996, na Turai masu esansi daga 2001, duk suna da wurin sa baliz, na'urar da ke karanto lambar laifi daga kwamfutar mota. In ta nuna P0335, kaptar ne ko wayarsa. Ko P0230 da ke maganar pompi, hanyar wutarsa take nufi, ba ta ce a jefar da shi ba. Na ga masu baliz ɗin ma suna karanta lamba su ce a sayo, ba su auna ba. Cuta ɗaya ce da sabon tufafi. Kuma kada a manta da mafi sauƙi duka: allurar tablo na yin ƙarya in abin da ke iyo cikin tanki ya maƙale. Na taɓa iske mutane a hanyar Dogon Dutsi sun sauke tanki, ashe babu ko ɗigo a ciki.

Masu cewa ina ɓata sana'ar mutane, wallahi ba haka ba ne. Na yi shekaru a kan hanyar Yamai zuwa Tawa, kuma ba sau ɗaya ba makanike ya fitar da ni daga daji da dare. Na san waɗanda ke kwana ƙarƙashin mota don kada su yi maka ƙarya. Akwai wani dattijo da na sani a Tawa, ba ya karatun boko, amma ba ya taɓa sa hannu a mota sai ya ce: "Ɗana, bari mu ga wuta, bari mu ga mai, sannan mu yi maganar kuɗi." Don girman irinsu nake wannan magana. Mai canki-canka shi ke zubar musu da mutunci, shi ke sa mata irin ƙanwata su riƙa jin tsoron garaji. Ta zauna a gefen hanya awa 5 cikin rana, tana jin kunyar ta yi tambaya kada a ce mace me ta sani a mota. Ku yi tambaya, kuɗinku ne. Ku ce a nuna muku wuta ta iso pompi amma ya ƙi juyawa, ko a nuna muku agogo. Wanda ya ji haushin wannan tambayar, ku rufe kapo ku nemi wani. Kuma duk abin da aka cire a motarku, ku karɓi abinku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma a ranar, yaron nan ne. Bai wuce shekara 14 ba. Da za su rage man tanki, tiyo aka miƙa masa ya zuƙa da baki. Na ga ya shaƙe, ya tofar, idonsa ya yi ja, ya goge baki da hannun riga ya ci gaba, babu wanda ya ko dube shi. Esansi in ya sauka cikin huhu ba wasa ba ne, yana iya kwantar da yaro a asibiti. Ga tanki a buɗe, ga mai shayi da gawayinsa taku kaɗan daga wurin, har sai da na roƙe shi ya ja baya. Akwai ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu, ana samunsa a Katako, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na saya wa yaron ɗaya jiya, na kai masa garajin. Na tambaye shi garinsu, ya ce daga wajen Illela aka kawo shi koyon sana'a, iyayensa na can.