Talo-talon Dajin Amurka: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A jihohin kudu maso gabashin Amurka, irin su Jojiya da Alabama da Misisipi, mafarauta sun yi shekaru suna kukan cewa talo-talon daji yana raguwa. Da yawa daga masu filaye, da sun ga haka, sai su sayo buhunan masara su zuba a bakin daji, su ɗana wa dabbobin da ke shan ƙwansa tarko. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Tsuntsun nan ya taɓa kaiwa bakin ƙarewa a shekarun 1930. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindiga da harsashi don kula da namun daji, aka fara kiwon talo-talo a keji ana sakinsa, yana mutuwa. Sai a shekarun 1950 da aka koma kama na dajin da raga ana kai shi inda ƙasa ta dace da shi, sannan ya farfaɗo, har ya kai kusan miliyan 7 a farkon shekarun 2000. Ashe wurin zama ne maganar tun farko.

Dubi yadda uwar ke yi. A ƙasa take sheƙa, ta saka ƙwai 10 zuwa 12, ta yi kwanci kwana 28. 'Yan tsakin ba sa iya tashi sama sai bayan kamar mako biyu, kuma fara da tsutsa da ƙananan ƙwari ne abincinsu. To me masara za ta tsinana musu? Abin da suke bukata ciyayi ne masu kai gwiwa, sama a rufe don kada shaho ya gan su, ƙasa a buɗe don su iya yawo. Gandun itatuwan katako da aka dasa a cunkushe ba ya barin rana ta taɓa ƙasa, balle ciyawa ta fito. Makiyayar da aka shimfiɗe da ciyawar shanu mai kauri kuwa, ɗan tsako ko taku goma ba zai yi a cikinta ba. Ga injin yankan ciyawa da ke bi ta kan sheƙa a watan Mayu. Masarar ma tara musu maƙiya take yi wuri guda, in ta jiƙe ta yi funfuna kuma ta zama guba.

Gyaran sananne ne: a rage itatuwa, a jinkirta yankan ciyawa, a riƙa sa wuta yanki-yanki duk shekara biyu ko uku. Kada mai karatu ya ɗauka irin wutar da ake cinna wa daji a wurinmu don gafiya ce, wadda ke cinye har ƙwan zabi. Wannan sai an share iyaka, an duba iska, an bar wa tsuntsu wajen gudu.

Na san akwai asara. Mai fili zai rasa wani abu na harawa, maƙwabta su ce ya bar gonarsa ta zama kurmi. Tarko ma yana da ɗan amfaninsa inda aka riga aka gyara wuri. Amma mafi yawan dazuzzukan kudancin Amurka na ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni ne, gwamnati ba ta da ikon shiga ta gyara, shi ya sa Ma'aikatar Noma ke biyan wani kaso na kuɗin aikin ta shirinta na tallafin kula da muhalli, wato EQIP, ga wanda ya nema.