Badamagare a Ƙarƙashin Teku

Ina zaune a shagona a Kasuwar Dole, cikin zafin watan Maris ɗin nan da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, ɗan yayata da ke aiki a Dubai ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kawu, fasfonka yana da rai?" Na ce yana da rai, har ya fi ni lafiya. Ya ce shi da abokan aikinsa su goma sha huɗu sun yi shatar jirgin ruwa sukutum na kwana bakwai a tsibiran Maldibs, ɗaya ya janye, kuma kuɗin kafin alƙalami ba a mayarwa. Gado ɗaya na nan babu mai shi. "Ci da sha da makwanci duk an biya, Kawu. Tun da dama za ka zo saro kaya, kuɗin jirgin sama kawai za ka ƙara."

Ni ɗan kasuwa ne. Daga inda na ji "an biya" kunnena ya rufe, sauran bayanin iska ta ɗauke. Abin da na ɗauka shi ne jirgi zai tsallakar da mu zuwa wani tsibiri, mu sauka a otal, in kishingiɗa a gindin kwakwa kamar yadda ake gani a kalanda. Ya dai ambaci nutso, na ce wannan ai ba baƙon abu ba ne, muna yara da damina babu tabkin da ba mu faɗa ba tsakanin Birni da Garin Malam. Ban gaya masa cewa ruwan iya cibiya yake tsaya mana ba, kuma shekara arba'in ke nan.

Da dare na kai labari fada, majalisarmu ta shan shayi. Mai dafa mana shayi ya ajiye buta ya dube ni, ya ce, "Alhaji, kai da ko tabkin Gidimuni ba ka taɓa shiga kwalekwalensa ba?" Wani dattijo ya ce in bar wasiyya. Wannan ya sa na ƙudurta sai na ba su kunya, na shiga horo.

Horon nawa a tsakar gida ne, bayan sallar asuba. In cika babbar roba da ruwa, in durƙusa, in tsoma kai, ƙaramin ɗana yana riƙe da waya yana ƙirga daƙiƙa. Ranar farko 19. Bayan mako uku na kai 64, har ina jin kaina wani abu. Sai dai wanda bai san Damagaram ba ba zai gane girman laifin da nake aikatawa ba. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma da bazara famfon unguwarmu sai ya kwana uku bai ko yi tari ba. Kowace jarka daga hannun mai garuwa take, da kuɗi. Uwargida ta zuba mini ido kwana biyu, a na uku ta ce, "Alhaji, in ka gama wanke kanka a ruwan girkina, a zuba wa awaki ko a ajiye maka na gobe?" Na ce ta rubuta, zan biya. Ta kuwa rubuta.

Na bi ta Kano zuwa Dubai, daga can muka ɗauki sa'a huɗu da ɗoriya zuwa Male, babban birnin Maldibs. Filin jirgin ma a kan tsibirinsa yake, kana fitowa da jaka sai ruwa. Aka zuba mu a ƙaramin jirgi, aka kai mu ga wani babba fari mai hawa uku. A bakin ƙofa wani matashi ya miƙo kwando ya ce a sa takalma, sai ranar tafiya. Na tambayi ɗan yayata yaushe za mu isa otal. Ya ce, "Kawu, ai ka iso." Na sake duba ɗakin da aka ba mu, gado bisa gado, taga kamar faifai, ƙasa tana motsi. Na ce Inna lillahi.

Tsarin abin, ga wanda bai sani ba: babban jirgin shi ne gida, nan ake ci, nan ake kwana, da dare ko bayan azahar ya tashi daga wannan rukunin tsibirai zuwa wancan. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, kuma babu wanda tudunsa ya kai ko katangar gidan Sarki tsayi. Akwai wani jirgin na biyu da ke biye da mu kamar bara, suna ce masa doni, a cikinsa tukwanen iska suke da injin cika su, don kada ƙararsa ta hana mutane barci. Ana buga ƙararrawa da ƙarfe shida na safe, a yi nutso, a ci abinci, a yi barci, a sake nutso, sau uku a yini. Ni kuwa yinin farko a bakin ƙarfen jirgi na yi shi, ina mayar wa teku kifin da aka ba ni da kwakwa da safe. Kilishin da na ƙunso daga gida shi ya riƙe raina.

Salla ma sai da ta zama aiki. Ma'aikatan jirgin Musulmi ne, kamar dukan ƴan ƙasar, sai na ji sanyi. Amma da na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas, mai dafa abinci ya zo ya juya ni. A can alƙibla arewa maso yamma take. Na kabbara ina kallon wani tsibiri, kafin in sallame jirgin ya juya a kan ankarsa, ina kallon wani daban.

Rana ta biyu malamar nutso ta zaunar da ni, ɗan yayata yana tafinta. Na yi gyaran murya na ce ya gaya mata ina riƙe numfashi daƙiƙa 64. Ta dafe kai. Ta ce dokar farko ta wannan sana'a, wadda ta fi kowace, ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Kowace mita 10 da ka nutsa nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, don haka iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka riƙe ta ka taso sama, sai ta ninka biyu a ƙirjinka, huhu kuwa ba salka ba ce. Wato mako uku na yi ina sayen ruwa don in ƙware a kan abu ɗaya tak da aka haramta.

Sai gwajin iyo. Mai neman takardar shaida ta farko, wadda ke ba shi izinin sauka har mita 18, dole ya yi iyo mita 200 kuma ya yi minti 10 a saman ruwa bai nutse ba. Na yi mita kamar shida, rabinsu zuwa ƙasa. Aka jawo ni da igiya. Aka yanke hukunci cewa ni sai nutson ɗanɗano, wanda ba ya wuce mita 12, kuma malama na riƙe da ni kamar akuyar da za a kai kasuwar Mirya.

Suka sa mini riga mai matse jiki wadda ta tona duk asirin da babbar riga ta shekara ashirin tana rufa mini. Suka ɗaura mini ɗamarar darma, suka goya mini tukunya. Ni da na zaci iskar likita ce a ciki, ashe iskar Allah ce wadda kowa ke shaƙa, an dai danna ta ne har awo 200, kuma in allurar ma'aunin iskar ta sauko 50 sai a kama hanyar sama. Aka ce in tofa yawu a gilashin fuska in goge don kada ya yi hazo. Na duba hagu da dama, na ga Turawa da digirinsu suna ta tofi, na ce to.

Mun sauka kamar mita biyar kunnena ya fara ƙara, na toshe hanci na hura a hankali yadda aka koya mini, ya buɗe. Sai na buɗe ido sosai. Jama'a, kifi kala-kala kamar an zazzage shagon atamfa. Wani abu mai faɗin tabarma biyu ya wuce ta samanmu yana kaɗa fiffike, ko kallo ba mu ishe shi ba. Daɗi ya kama ni, malama ta tambaye ni da hannu ko lafiya, na ɗaga mata babban yatsa da ƙarfi, har biyu. A can ƙasa babban yatsa ma'anarsa a fitar da ni. Lafiya lau kuwa zobe ake yi da yatsa biyu. Kafin in yi wani bayani, da bakin da ke cike da roba, ta kama ni mun taso. Nutson da na baro Damagaram dominsa minti tara ya yi.

Daga nan aka fi barina a ruwa mara zurfi da rigar iska. Nan ne wani ma'aikacin doni ya ɗaga wani ɗan dutse ya nuna mini wuri. Wuri dai da kakata ke ajiyewa a ƙoƙo, wanda ake cewa ba ni da ko ɗaya. Ashe daga tsibiran nan aka riƙa kwasarsa jirgi-jirgi har ya zama kuɗin ƙasar Hausa, da shi aka yi ciniki a Damagaram kafin zuwan Faransa. Ibn Battuta ma, matafiyin nan na Maroko, ya yi alƙalanci a nan, kuma shi ne ya bi ta Takadda, can wajen Azbin, a 1353. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga wurin yana tafiya. Dodon koɗi ne, da ransa. Na ce shi ya sa kuɗi ba su taɓa zama a aljihuna ba, ashe tun asali masu ƙafa ne. Na kai hannu zan ɗauki ɗaya tsaraba, ya buge mini hannu, ya ce ba a taɓa komai.

Ranata ta zo a kwana na huɗu. Injin da ke tace gishiri daga ruwan teku ya lalace, kyaftin ya tara mu ya ce daga yau kowa gora biyu ta lita ɗaya da rabi, wanka da komai. Ka ga tashin hankali. Wata mata har da hawaye saboda gashinta. Mutanen da suka yini suna shiga tsakanin kifaye masu haƙora ba su ji tsoro ba, gora biyu ta karya su. Na miƙe na ce ɗana, fassara. Na nuna musu yadda ake huda murfin gora da ƙusa, a jiƙa jiki, a rufe, a saɓa sabulu kaɗan, a ɗauraye daga kai zuwa ƙasa ana tsaye cikin roba, ruwan da ya taru a wanke kamfai da shi. Na yi wanka, na yi alwala, na dawo da rabin gora a hannu. Suka yi ta tafi. Wani Bajamushe ya tambayi inda na yi kwas. Na ce a Zango, shekara hamsin da biyu, kuma har yanzu ba a ba ni takarda ba.

A ranar ƙarshe an hana kowa nutso, don sai an yi aƙalla sa'a 18 kafin a hau jirgin sama, iskar da ta shige jini ta gama fita. Wannan dokar ita kaɗai na cika ba tare da an tuna mini ba.

Da na dawo, kwana uku gadona yana lilo. A fada na kunna musu hoton bidiyon da aka ɗauke ni, babu abin da ya fito sai kumfa da ƙafafuna biyu suna harbin iska. Dattijon nan mai maganar wasiyya ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Duk wannan ruwan, babu mai sayarwa?" Na ce gishiri ne. Ya miƙo mini wayar ya ce Allah ya kyauta.

Na shiga gida na tarar da uwargida da ƴar takardarta a kan tabarma. Jarka arba'in da biyu, ta ce, har da wadda awaki suka ƙi sha saboda man gashina. Na fara ba ta labarin yadda Turawa suka yi mini tafi a kan rabin gora. Ta ce madalla, tun da na iya, daga gobe gora ɗaya za ta riƙa ajiye mini a bayi.