Sau Shida Yana Juyowa Daga Dutsen Everest

Ƙannena, musamman ku da jarrabawa ta kayar ko jari ya karye har kuka daina fitowa majalisa don kunya, ku matso ku ji labarin wani ɗan dako.

Sunansa Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa mazauna tsaunukan Nepal. A 1935 ya fara bin Turawa masu hawan Everest, dutsen da babu mai tsawonsa a duniya, mita 8,849. Kaya yake ɗaukar musu su biya shi. Sau shida yana zuwa dutsen nan yana dawowa bai taka ƙololuwa ba. Wadda ta fi ciwo ita ce ta 1952, lokacin da shi da Raymond Lambert, mutumin Switzerland, suka haura har saura mita kusan 250. Numfashi ya gaza, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, suka juyo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Da ya yi taurin kai ranar, da can gawarsa za ta daskare. Daga mita 8,000 zuwa sama, abin da huhu ke samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na iskar da ake shaƙa a ƙasa ba. Mu da matakalar Dutsen Dala ke sa mu haki sai mu yi shiru.

Abin da nake so ku lura da shi, masu hawan nan da gangan suke saukowa. Su hau sansanin sama, su kwana, su gangaro ƙasa su huta, su sake hawa, makonni ana haka. Mai kallo zai ce wahalar banza ce, alhali jini ne ke sabawa da ƙarancin iska.

Kai kuwa sau ɗaya ka zauna JAMB ba ka ci ba, ka ce sammu aka yi maka. Ke kuma kwano biyu na awara suka yi kwantai, kika kife kasko. Haba! Ku sauko, ku huta, ku duba inda ƙafa ta zame, ku roƙi Allah, sannan ku sake ɗaura ɗamara.

Ranar 29 ga Mayu, 1953, a zuwansa na bakwai, Tenzing ya kai ƙololuwa tare da Edmund Hillary na New Zealand. Shekara 18 yana bin dutsen nan, amma minti 15 kacal suka yi a kansa suka kamo hanyar gangara, don kada iskar da ke cikin tukwanen da suka goyo ta ƙare musu a hanya.